Yadda Matashi Zai Mallaki Kayan Kiɗa a Ɗambatta Ba Tare da Cin Bashi Ba

Fiyano, makirfo, lasifika, kwamfuta: yawancinsu ba a ƙasar nan ake ƙera su ba. Da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 farashinsu ya yi sama bai dawo ba. Yaro ɗan shekara sha shida a Ɗambatta ko Makoɗa, wanda abin da ke shiga aljihunsa na ƙwadagon gona ne, in ya ji kuɗin fiyano sabo sai jikinsa ya yi sanyi. Amma ana mallaka, ƙanena. Sharaɗin shi ne kada ka nufi kayan gaba ɗaya. Duk abin da za ka saya, ya zama shi ne zai sayo maka na gabansa.

Fara da gida

Kafin naira ɗaya ta fita, nemi yardar mahaifinka. Ba don ladabi kawai na faɗi haka ba. Gayaunar da za ka noma a hannunsa take, turken da za ka ɗaure rago a gidansa yake, ɗakin da za ka ajiye kaya nasa ne. A ƙasarmu har gobe akwai gidajen da in an ce kiɗa, roƙo suke ji, kuma ba su gāje shi ba. In ka san Baba ba zai saurare ka kai tsaye ba, bi ta wajen Inna, ko kawun da yake jin maganarsa. Faɗi irin waƙar da kake nufi a fili: bege ce, ta biki ce, ko ta faɗakarwa. Ka yi alkawarin makaranta da gona ba za su taɓu ba, sannan ka cika. Wanda ya ɓoye fiyano a ɗakin aboki ya riga ya raba mallakarsa biyu.

Shiga ƙarƙashin wani

Makaɗan dā ba da saye suke farawa ba. Yaro yakan bi maigida shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, kafin a miƙa masa ƙaramar ganga. Tsarin bai mutu ba. Nemi mai kalangun da ke zuwa bukukuwan yankinku, ko mai hayar lasifika, ko ƙungiyar mandiri ta zawiyya ko Islamiyya, ka ce kana son ka riƙa bin su. Za ka ja waya, ka ɗauki janareta, ka kwana a gidan biki sauro na cizonka. Ladan shi ne hannunka zai taɓa kaya kyauta, a ɗan ba ka na sabulu, kuma ka gane abin da kake bukata na gaskiya. Yara da yawa suna rantsuwa fiyano suke so, sai bayan kaka ɗaya a bakin aiki su gane murya ce baiwarsu, wadda ba ta bukatar fiyano ko kaɗan.

Abin da ba sai an je Kano ba

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya, abin da ake haɗawa da gwangwanin kifi da 'yar fata. Barmani Choge da ƙwarya ta yi suna. Kukuma irin ta Garba Supa ƙoƙo ce da fata da izgar doki, a goga ƙaro a jikin izgar ta kama. Gurmi irin na Haruna Uji ma ƙwarya ce da sanda da tsarkiya. Ba ina cewa ka haƙura da na zamani ba ne. Ina cewa kayan gargajiya su ne kaɗai kayan kiɗan da dala ba ta da iko a kansu sosai, kuma mai iya kaɗa kalangu da hannunsa yana da abin da situdiyo ba ta iya kwaikwayo daidai, ko da fiyano na da muryar ganga a cikinsa.

In kalangu za ka yi, sayi kangon daban wajen masassaƙi, ka duba tsaga ta hanyar ɗaga shi ga hasken rana, sannan ka kai wa tsohon makaɗi ya ɗaura fata da tsarkiya a gabanka. Zauna ka kalla. Fata za ta fashe wata rana, kuma wanda ya iya ɗauri ba ya biyan kowa.

Wayar hannunka ma kayan aiki ce. Manhaja irin BandLab kyauta ce, tana ɗaukar murya hawa-hawa, ka yi jagora sannan ka yi wa kanka amshi. Ka yi wata shida kana sauraron muryarka a waya kafin ka yi zancen makirfo.

Jari: gayauna, ƙwadago, turke

Nan ne aikin yake. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin ɗan ƙauye ba albashi ba ne.

Roƙi gayauna, ko kunya goma ce a gefen gandu. Shuka gyaɗa ko wake, ba gero ba. Dalili biyu ne: sun fi kuɗi a mudu, kuma suna bar maka harawa, wadda ita ce abincin ragon da za ka turke. Da kaka ka shiga ƙwadago, yankan gero da cirar gyaɗa da roron wake. Da rani kuma akwai aikin lambu a wuraren Dam ɗin Tomas, dashe da ban ruwa da tsinkar tumatir. Abin da ka samu ka raba uku tun a ranar: na gida, na aljihu, na kaya. Na kayan kada ya kwana a jikinka. Miƙa wa Inna, ita ce bankin da ba ya rufewa, kuma ba za ta ba ka don za ka kallon ƙwallo ba.

Da kuɗin kayan ya taru ya isa ɗan tinkiya, fitar da shi daga takarda. Kuɗin da aka ajiye shekara guda a ƙarƙashin katifa raguwa yake yi, fiyano kuwa yana ta hawa. Rago shi ne ke iya bin farashin a guje. Kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi take ci, kuma karar dabbobinta ba sai an yi maka bayani ba. Je da babba wanda ya san dabba, kada ka je kai kaɗai dillali ya karanta zumuɗi a fuskarka. A buɗe bakin ragon a ga haƙori, a duba hanci ba majina, ido garau, bayansa ba alamar zawo, a sa shi ya yi tafiya a gani. Sayi mai ƙashi wanda ya rame, ba mai ƙiba ba, don ƙibar ita ce ribarka. Lissafa wata huɗu zuwa shida kafin Babbar Sallah. Kai shi wajen malamin dabbobi a yi masa rigakafi da maganin tsutsa tun makon farko. Wannan ɗan kuɗin shi ne mafi muhimmanci a duk harkar, domin rago ɗaya ne jarinka, in ya faɗi shekara ta faɗi. Sai harawa, dusa, kowar wake, ɗan kanwa, da ruwa mai tsabta safe da yamma. Wanda ke da hali ya haɗa da akuya mace, ita tana haihuwa tana ƙara jari ba tare da an sayar da uwar ba.

Adashi ma yana aiki, in uwar adashin dattijuwa ce da unguwa ta sani, ka kuma nemi kwasarka ta faɗo kusa da lokacin sayar da ragon, kuɗin biyu su haɗu. Ajiyar hatsi daga kaka zuwa damina takan ba da riba, amma akwai shekarun da farashi ke karyewa, don haka kada ka zuba duka a can. Abu biyu kuwa kada ka je ko kusa da su: cacar ƙwallo, da manhajojin ba da bashi na waya, masu tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci in ka makara. Mawaƙi da sunansa yake ci.

Me za a fara saya?

Ra'ayina, wanda wasu za su musa: ba fiyano ba. Fara da abin da ake haya. Lasifika mai batir a ciki da makirfo ɗaya mai waya suna da aiki kowane mako a ƙauye: walima, saukar karatu, Maulidi, wasan ƙwallon unguwa, taron ƙungiyar manoma. Kai za ka kai, kai za ka kunna, kai za ka dawo da ita. Kada ka ba da haya ka koma gida. Kuɗin hayar kada ka ci, shi ne kuɗin fiyano.

In ku uku ne ko huɗu, ku haɗa, amma ku rubuta. Nawa kowa ya zuba, a ɗakin wa kaya za su kwana, wa zai biya gyara, kuma in ɗaya ya tafi ci-rani ko karatu yaya za a fitar masa da rabonsa. A yi a gaban babban yaya ko mai unguwa. Abokantaka da yawa a kan waya ɗaya da ta ƙone suka watse.

Fiyano ya zo na biyu. Yamaha ce ta mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fim irin na Sangaya suka sauya kunnen jama'a, kuma amfanin wannan gare ka shi ne masu gyaranta da kayan gyaranta sun fi samuwa. Ƙaramar Yamaha PSR mai maɓalli 61 ta ishe ka koyo da ƙaramin biki. Kwamfuta da manhajar FL Studio su zo ƙarshe, in ma za su zo.

Ranar saye

Tafi Kano da sassafe, da wanda ya iya kaɗa fiyano, ko da za ka biya masa mota da abinci. Kayan sauti a Sabon Gari, kwamfuta a titin Beirut, waya a Farm Centre. Zaga shago uku kana taya kafin ka nuna kana da kuɗi. Na hannu ko tokumbo ba aibu ba ne, in an gwada.

Gwajin kuwa ba na minti biyu ba ne. Danna maɓallan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi shiru, ko ya yi tsawa alhali a hankali ka taɓa shi, robar da ke ƙarƙashinsa ta gaji. Ana gyarawa, amma a rage maka kuɗi. Ƙure ƙara ka ji ko lasifikar ciki na karkarwa. Soka waya a kowace kafa ta baya ka ɗan girgiza, ka ji ko sauti na yankewa. Buɗe gidan batir: tsatsa ko farin gari alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. Duba adafta, ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta ya yi daidai da wanda aka rubuta a bayan fiyanon. A bar shi a kunne rabin awa kuna hira, domin wata cutar sai ya yi zafi take fitowa. Sannan rasit, mai sunan shago da lambar jikin kayan. Wanda ya tare ka a bakin titi da fiyano a rabin kuɗi ba rasit, yana cewa sauri yake, bar shi da saurinsa. Kayan sata in aka kama, mai riƙe da su ake fara tambaya.

A makirfo kada kyau ya ruɗe ka. Irin na situdiyo da kake gani a hotunan mawaƙa yana bukatar wutar bolt 48 daga wata na'ura daban, kuma yana kwasar komai: injin niƙa, kukan jaki, carar zakaran maƙwabta. Na riƙewa a hannu irin na wa'azi ya fi dacewa da gida, ya fi jure faɗuwa, ya fi araha.

Wuta, ƙura, ɗaki

Ware kuɗin wuta a cikin lissafi tun farko. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan ɗaukewa da janareta mai hawa da sauka su ne ajalin yawancin kaya. Ƙaramar sola da batir ta fi kwanciyar hankali, ba ta kuma shiga cikin ɗauka da gurnani. In Nepa ta ɗauke, zare filogi kafin ta dawo. Da hunturu rufe fiyano da zane duk lokacin da ba a kaɗawa, a kan tebur, nesa da ɓera da gara. Kalangu kuma a rataye, ba a ƙasa ba, kada danshin damina ya kashe fatar.

Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na siminti da kwano daɗin ɗaukar murya, abin da 'yan birni ke kashe kuɗi su samu. Jingina katifa a bango, rataya bargo a bayanka, ka ɗauka bayan isha'i in gari ya yi tsit.

Situdiyo da takarda

Waƙar da kake son ta fita duniya, kai ta situdiyo a Kano, wuraren titin gidan Zoo suna da yawa, maimakon ka jira ranar da za ka gina taka. Je da waƙa a haddace, 'yan amshi sun sha gwaji, don kada ka ƙone kuɗinka kana gyaran baiti a gaban makirfo. Ku yi ciniki a kan komai kafin a kunna na'ura: kuɗin kiɗa, kuɗin ɗauka, gyara sau nawa, da wanda ya mallaki waƙar. Karɓi kwafi biyu, mai murya da kiɗa zalla, domin da na biyun za ka riƙa hawa a biki. Kano na da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, kuma mawaƙa na ƙarƙashinta. Tambayi mai situdiyon ƙa'idar rajista da ke aiki a lokacin kafin ka saki waƙa. In kakar siyasa ta zo wani ɗan takarar kansila ya ce a yi masa waƙa, a shawarci gida tukuna, sannan a karɓi kuɗin situdiyo da rabin lada a hannu kafin a rubuta baiti ɗaya.