DARASIN WATA: ƊAN RIƘO DA CIWON DA BA A GANI

Riƙon yara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da wuya a zaga unguwa ba a sami ɗan riƙo ko 'yar riƙo ba. Wani ɗan fari ne, an kai shi wurin kaka tun ranar yaye. Wata an ba gwaggonta ce, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Wani auren iyayensa ne ya mutu, uwa ta tafi, aka bar shi a ɗakin kishiyarta. Wani kuwa maraya ne. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, ga kuma ta'adin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, marayu sun ƙaru ƙwarai. Da yawansu dangi ne suka kwashe su.

Riƙo aikin lada ne. Annabi Muhammadu (S.A.W.) kansa a hannun masu riƙo ya tashi. Mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6. Kakansa Abdulmuɗallib ya riƙe shi shekara 2, sannan ya koma hannun baffansa Abu Ɗalib.

Sai dai masu riƙo da yawa suna zaton in an ba yaro tuwo, an ɗinka masa rigar salla, shi ke nan an gama. Da sauran aiki. Yaron da aka raba da uwarsa da ƙulli biyu yake zuwa. Ɗaya na tufafinsa ne, kowa yana gani. Ɗayan yana cikin zuciyarsa.

YADDA CIWON YAKE FITOWA

Yaro bai iya faɗin baƙin ciki da baki kamar babba ba. Ba zai ce yana kewar uwarsa ba. Jikinsa da halinsa ne suke faɗa.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 7 da uwarta ta rasu, aka kai ta gidan kawunta a wani gari. A gidansu ta daɗe da daina fitsarin kwance. Da ta zo nan sai ta koma yi. Da dare tana firgita, ta tashi da kuka. In an zuba tuwo sai ta ɓoye loma a gefen zanenta, ko da ta ƙoshi. In an aike ta sai ta tsaya a hanya ta yi zuru. Matar kawu ta ce ƙazanta ce da sata da sakarci. Maƙwabciya ta ce ai iska ce ta taɓa ta. Wata ta ce halin uwarta ta ɗauko.

Duk ba haka ba ne. Tsoro ne da kewa. Yarinyar ta ga wadda take dogaro da ita ta tafi rana ɗaya. Yanzu ba ta da tabbacin cewa abincin gobe zai zo, ko mutanen gidan nan ba za su kore ta ba. Shi ya sa take ɓoye loma.

Wani yaron shiru yake yi, ya daina wasa da sa'o'insa. Wani faɗa yake tsira, kullum a kawo ƙararsa. Wani ya riƙa kukan ciwon kai ko ciwon ciki, a je asibiti ba a ga komai ba. Wani karatunsa ne zai lalace, a allo da boko. Akwai kuma wanda zai zama mai ladabi fiye da kima, ba ya musu, ba ya roƙo, ba ya ko kuka. Irin wannan shi ake yabo, a ce yaron kirki. Shi ma a sa masa ido, don sau da yawa tsoron a mayar da shi ne ya kama bakinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko yawan fargaba. Kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke farawa. Wannan lissafin duk yaran duniya ne. To, ina ga wanda ya rasa uwa, ya bar garinsu, ya bar abokansa, duk a wata ɗaya?

ABIN DA MAI RIƘO ZAI YI

Na farko shi ne gaskiya. Wasu suna ce wa yaro uwarsa ta je kasuwa, ko ta yi tafiya, alhali ta rasu. Nufinsu alheri ne, amma illa suke yi masa. Yaron zai zauna bakin ƙofa yana jira. Ranar da ya ji a bakin yara wurin wasa, ba zai ƙara yarda da maganar manyan gidan ba. A gaya masa a hankali, gwargwadon shekarunsa. In ya yi kuka a bar shi ya yi. In ya sake tambaya gobe, a sake ba shi amsa. A kuma gaya masa ba laifinsa ba ne, don ƙananan yara sukan ɗauka rashin jinsu ne ya kori uwa ko ya kashe ta.

Haka batun asali. A Suratul Ahzabi, aya ta 5, an yi umarni a kira yaro da sunan ubansa na haihuwa. Ɗan riƙo ya san ubansa da danginsa. In iyayen suna raye, a riƙa kai shi gaisuwa. In yana da 'yan'uwa a wani gida, a bari su riƙa ganin juna, ko su gaisa ta waya. Kada a zagi uwar yaro a gabansa, ko da an yi rabuwar baram-baram da ita. Wanda ya zagi uwar yaro, rabin yaron ya zaga.

Sai batun bambanci. Wannan shi ne babban miki. A gida ɗaya 'ya'yan ɗaki su tafi makaranta, 'yar riƙo ta tafi talla. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce ƙarshen cin abinci. Ba laifi ba ne yaro ya yi aikin gida. Laifin shi ne a jibga wa ɗaya, sauran suna kallo. Gori kuwa ya fi bulala zafi. Kalmar "ba gidan ubanka ba ne" takan zauna a zuciyar mutum har furfura.

Mai fitsarin kwance kada a doke shi, kada a tara masa yara su yi masa ele. Kunya tana ƙara ciwon ne. A rage masa shan ruwa dab da barci, a sa ya yi fitsari kafin ya kwanta. In yana jin zafi wurin fitsari, ko abin ya ƙi ƙarewa, a kai shi asibiti.

Dukiyar maraya amana ce. Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi mai tsanani a kan cin ta. Gonar da uba ya bari, ko akuya, a nuna wa yaron a gaban shaidu tun yana ƙarami. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa saboda riƙo, amma ana iya yi masa kyauta tun ana raye. In kuma ba ya cikin magada, ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Saurayin da ya san yana da abin kansa ya fi samun kwanciyar rai.

LOKACIN ZUWA ASIBITI

Yawancin yara suna warwarewa a hankali in sun sami mutum ɗaya da suka amince da shi. Amma akwai alamun da ba a jira da su. In yaro ya yi sati biyu ko fiye ba ya ci sosai, ba ya barci, ba ya son komai. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta. In yana ji wa kansa ciwo. In ya fara shan ƙwaya irin su Tramol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana yi da shigo da shi tun 2018. In yarinya ta fara tsoron wani namiji a gidan ba zato, a ja ta gefe a saurare ta, kada a ce ƙarya take yi.

Wanda ya ambaci mutuwa ba wasa yake ba. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin feshi da fiya-fiya da shinkafar ɓera inda hannunsa ba zai kai ba. A kai shi asibiti a ranar.

Addu'a tana da kyau, kuma ba ta hana magani. A fara da asibitin da ya fi kusa. Malamin asibiti zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Sau da yawa zama ake yi da shi ana hira, ana warware masa abin da ya ƙulle a ransa. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin masu wannan larura. Ɗaure yaro da mari ko kulle shi a ɗaki ba magani ba ne.

Mai riƙon ma mutum ce. Wata tana da 'ya'ya shida, aka ƙara mata uku, maigida ko tambayarta bai yi ba. In ta gaji, a kan yaran take hucewa. Dangin da suka taru ranar sadakar bakwai suka raba marayu, su riƙa waiwaye. Wanda bai ɗauki yaro ba ya kai kwanon hatsi, ko sabulu, ko kuɗin littafi. Maƙwabcin da ya ga ana zaluntar ɗan riƙo ya fara gaya wa dattijon dangi, ko liman, ko mai unguwa. In abin bai gyaru ba, akwai ofishin jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma jami'an wannan ofishi aikinsu ne su karɓi irin wannan ƙara su bi bahasi.