Daga Ina Ruwan Duniya Ya Fito?

Kai mai karatu, in an tambaye ka daga ina ruwan rijiyarka ya fito, za ka ce daga sama, da damina. Gaskiya ne, amma gajimare ba ya ƙaga ruwa. Rana ce ke bugun teku, tururi ya tashi ya zama hadari, iska ta koro shi, ya zubo, sa'an nan ya bi rafi da kogi ya koma teku. Watau ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa. To, na farkon fa?

Masana sun ce duniya ta yi kamar shekara miliyan 4,500. A farkonta zafi ya kai har duwatsu na narkewa kamar dalma a wuta. Amma akwai ruwa ɓoye cikin duwatsun. Ka san yadda ɗanyen itace ke tsatso ruwa in an sa shi a murhu. Haka tururi ya riƙa fita ta bakin duwatsu masu aman wuta, ya taru a sama. Da ƙasa ta huce sai ya zubo, ya cika kwaruruka, teku ta samu.

Wani ruwan kuwa baƙo ne, cikin duwatsun da suka faɗo daga sama ya zo. Kada ka yi mamaki, ko a Zagami ta ƙasar Katsina dutse ya faɗo a 1962. A 2021 wani ya faɗo a garin Winchcombe na Ingila, aka tsince shi da wuri aka auna. Kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ruwa ne, kuma ya yi kama da na teku ƙwarai.

Yaya ake gane kamar? Cikin kowane ruwa akwai ɗan kaɗan da ya fi sauran nauyi, shi ake aunawa. Dā an fi zaton taurari masu wutsiya ne suka kawo ruwan, gama ƙanƙara ta yi musu yawa. Amma a 2014 na'urar da ake kira Rosetta ta je kusa da ɗayansu ta auna, aka ga ruwansa mai nauyi ya ninka na teku kamar sau uku. Zaton nan ya raunana ke nan, ko da yake bai mutu ba, domin a 2011 an auna wani mai wutsiya wanda ruwansa ya dace da namu.