Aikin Kogi a Kan Shimfiɗar Ƙasa: Nazarin Magudanar Haɗeja-Jama'are da Kalmomin Hausa Masu Bayyana Ta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda kogi yake sassaƙa ƙasa tare da kwashe ruwan da ya sauka a kanta. An ɗauki magudanar Haɗeja-Jama'are a matsayin misali, aka bi ta tun daga mafarinta har zuwa Tafkin Cadi. An gano cewa kalmomin da Bahaushe yake rarrabe ƙasa da su, irin su tudu da kwari da jigawa da fadama, sun yi daidai da matakan aikin kogi guda uku: zaizaya da jigila da jibgewa. Haka kuma an nuna yadda madatsun ruwa suka sauya wannan aiki, da abin da sauyin ya jawo wa fadama da masu dogaro da ita.

Fitilun kalmomi: kogi, magudana, zaizaya, fadama, jigawa

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sukan haɗu da kalmomin da suka shafi ruwa da ƙasa a cikin karin magana da tatsuniya da sunayen garuruwa, amma galibi akan tsaya ga fassara su ɗaya bayan ɗaya. Yin haka yakan ɓoye dangantakar da ke tsakaninsu, alhali kowace daga cikinsu suna ce ta wani abu da ruwa ya yi wa ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan dangantaka ta hanyar bin kogi guda. An zaɓi Haɗeja-Jama'are domin ya ratsa Kano da Jigawa da Bauci da Yobe, kuma ana iya ganin dukkan matakan aikin kogi a tattare da shi.

2.0 Ma'anar Magudana da Iyakarta

Magudana, a wannan nazari, tana nufin dukkan faɗin ƙasar da ruwan samanta yake taruwa ya bi ta kogi guda. Tudun da ya raba magudana biyu shi ne iyakarsu. Ƙasar Hausa ta kasu tsakanin manyan magudanai biyu. Ruwan da ya sauka a yammacinta, wajen Funtuwa da Gusau da Maraɗi, yakan bi kogin Sakkwato da na Rima ya faɗa Kwara, daga nan ya isa tekun Atlantika. Wanda ya sauka a gabashinta, wajen Kano da Wudil, yakan nufi Tafkin Cadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku.

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa kafin a kai Wudil. Kogin Jama'are kuwa ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauci. Su biyun sukan haɗu a kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a yankin Difa, sannan ya ƙare a Tafkin Cadi.

3.0 Matakan Aikin Kogi

3.1 Zaizaya

Ƙarfin ruwa yana tattare da gangaren ƙasa. Tsaunukan Jos sun haura mita 1,200 a saman teku, Kano tana wajen mita 480, Tafkin Cadi kuma yana wajen mita 280. Ke nan mafi yawan gangaren yana can sama, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasar kuma take zaune a kan tsohon dutse mai tauri da ruwa ba ya iya nutsewa cikinsa sosai. Don haka da zarar an yi mamako, sai ruwan ya bi bisa ƙasa da gudu, yana ɗibar yashi da tsakuwa yana goga su a ƙasan hanyarsa. Ƴar siririyar hanyar ruwa takan zama kwazazzabo, kwazazzabai su tara ruwa a ƙorama, ƙoramu su haɗu su zama rafi, rafuka su cika kogi. Inda ruwa ya daɗe yana ci, nan ne kwari. Inda ƙasa ta gagare shi saboda tauri, sai ta saura a tsaye. Dala da Gwauron Dutse a cikin birnin Kano misalai ne na irin wannan saura: marmarar da ke samansu ce ta kare su yayin da aka zaizaye ƙasar da ke kewaye.

3.2 Jigila

Abin da kogi ya yaga, sai ya ɗauke shi. Tsakuwa takan mirgina a ƙasan ruwa, yashi yakan riƙa tsalle-tsalle, laka kuwa takan tafi a cikin ruwan, ita ce take mayar da shi ja a watan Agusta. Yayin da gudu ya ragu, mai nauyi ne yake fara zama. Wannan ne dalilin da ya sa ake samun tulin yashi a kogin Wudil, inda masu haƙar yashi suke lodin motoci, amma lallausar laka ba ta zama sai can ƙasa. A wannan mataki ne kuma kogi yake fara lanƙwasa. Ruwan da ke bayan lanƙwasa ya fi gudu, sai ya ci gaɓa; na cikinta ya fi sanyin tafiya, sai ya ajiye yashi. Ta haka kogi yake matsawa gefe a hankali, gonar wani ta ragu, ta wani ta ƙaru.

3.3 Jibgewa

Daga gabashin Wudil zuwa ƙasa, kogin yakan bar kan dutse ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashi da laka ta kwarin Cadi. A nan ya tarar da jerin tuddan rairayi da iska ta tara tun wani zamani da yankin ya fi haka bushewa, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Irin wannan tudun rairayi shi ake kira jigawa, daga gare shi ne kuma jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta samo sunanta. Da yake gangare ya yi ƙaranci, sai kogin ya rarrabu yana neman hanya a tsakanin jigayi: reshen Kafin Hausa, da tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma wanda yake zuba a tafkin Nguru. Idan damina ta yi nisa, ruwa yakan tsallake gaɓa ya malale, ya ajiye laka, sannan ya janye bayan kaka. Ƙasar da take shan wannan malale duk shekara ita ce fadama.

Wani muhimmin abu shi ne, a wannan yanki kogin raguwa yake yi maimakon ƙaruwa. Wani kaso na ruwan yakan nutse cikin yashi ya cika rijiyoyin yankin, wani kuma rana ta shanye shi. Abin da yake isa Tafkin Cadi kaɗan ne, domin mafi yawan ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa.

4.0 Fadama a Rayuwar Al'umma

Fadama guda takan ciyar da rukunin jama'a uku bisa tsarin lokaci. Lokacin da ruwa ya cika, masunta ne da ita, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, manoma kuma suna da shinkafa a inda bai yi zurfi ba. Da ya fara janyewa, sai a bi danshi a shuka wake da sauran amfanin rani, a da ana ban ruwa da jigo, yanzu da injin. Bayan girbi, makiyaya sukan sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Wannan karɓa-karɓa ba ta yiwuwa sai da abu biyu: ruwa ya zo a kan kari, ya kuma tafi a kan kari. Muhimmancin dausayin ya sa aka sanya tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Ita kanta kalmar fadama ta shiga harshen hukuma, har ta zama sunan wani shirin bunƙasa noma na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa.

5.0 Tasirin Madatsun Ruwa

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma, wadda ke yankin Ƙaraye, a 1992. Amfaninsu a bayyane yake: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin ta fuska biyu. Na farko, sun rage babbar ambaliyar damina wadda take wanke hanyoyin ruwa tana shimfiɗa laka. Na biyu, sun sa ruwa yana gudana har da rani a inda a da yake ƙafewa.

Ciyawar kacalla, wadda ba ta jure bushewa, ta sami wurin zama a irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya yankewa. Ta toshe rassan kogin, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya karkata ya fi yawa a reshen Marma. Sakamakon haka, wasu gonaki sun zama a cikin ruwa shekara zagaye, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su, rabon garuruwan da ke ƙasa ya ragu. Toshewar hanyoyi tana kuma ƙara munin ambaliya a shekarun da ruwan sama ya yi yawa, irin wadda ta auka wa garuruwan Jigawa a 2022. Wannan darasi ne ya sa batun madatsar Kafin Zaki, da aka tsara ginawa a kan kogin Jama'are, ya daɗe yana jawo muhawara, kasancewar Jama'are ne yake kai wa Yobe mafi yawan ruwansa a yanzu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kwazazzabo da kwari suna nuni ga zaizaya, jigawa tana nuni ga aikin iska da kogi ya tarar, fadama kuwa ga jibgewa. Ma'anar fadama ta ƙunshi zuwan ruwa da tafiyarsa. Ƙasar da ta dawwama a cikin ruwa, ko wadda ta daina samunsa, ta fita daga wannan ma'ana ko da an ci gaba da kiranta da sunan. Saboda haka ana ba da shawarar manazarta Hausa su tattara kalmomin ƙasa da ruwa da na kayan su daga bakin masunta da manoma da makiyayan Haɗeja da Nguru da Gashuwa, tare da nuna wurin da kowace kalma take nufi. Irin wannan aiki zai amfani masu tsara ƙamus, zai kuma bai wa hukumomin ruwa shaidar yadda kogin yake gudana kafin a datse shi.