Daga ɓargo jini yake fitowa, amma da me kake ciyar da shi?

'Yan uwa ɗalibai, idan jarrabawa ta matso za ka ji ana ta kukan jiri da kasala, wani ya hau bene ɗaya ya tsaya yana haki. Mukan ce gajiyar karatu ce, amma sau da yawa ƙarancin jini ne. To, bari mu ga yadda jinin yake samuwa.

Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu su kai ta ko'ina a jiki, har ƙwaƙwalwar da kake haddace darasi da ita. A cikin ɓargo ake ƙera su, musamman na ƙashin ƙugu, ƙashin baya, haƙarƙari da ƙashin ƙirji. A can akwai uwar ƙwaya wadda ke rarrabuwa, 'ya'yanta su yi ta cika cikinsu da himogulobin, wato sinadarin da ke riƙe oksijin kuma ya ba jini launin ja. Cikin kusan mako ɗaya ƙwayar ta nuna, ta shiga jini, ta yi aiki na kimanin kwana 120. Idan ta tsufa, saifa da hanta su farfasa ta, a mayar da ayon ɗin cikinta ɓargo a sake amfani da shi. A kowace daƙiƙa jikinka na ƙera sababbi wajen miliyan 2. Ƙoda ce ke lura da aikin: da ta ji oksijin ya ragu, sai ta saki sinadarin EPO, ya umarci ɓargo ya ƙara himma.

Sai dai fa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɓargo na buƙatar kayan aiki huɗu. Na farko ayon, wanda da shi ake haɗa himogulobin. Akwai shi a hanta, jan nama, kifi, wake da zogale. Na biyu folet, a alayyahu, wake da gyaɗa, kuma dafa ganye har ya mutu murus yana lalata shi. Na uku bitamin B12, wanda daga dabba yake zuwa: ƙwai, nono, kifi, nama. Idan babu folet ko B12, ƙwayoyin sukan fito manya-manya amma kaɗan, ba ƙarko. Na huɗu furotin.

Ga dabara biyu masu sauƙi. Ayon na wake da ganye jiki ba ya zuƙarsa da kyau sai da bitamin C, don haka ka haɗa da lemo, gwaiba ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa yana hana zuƙar ayon, saboda haka a ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci.

Maltina da madara ba su ne ƙarin jini ba, madara ma ayon ɗinta kaɗan ne. Garin kwaki da taliyar leda kullum kuwa ciki kawai suke cikawa. Ko kuɗi sun yi ƙasa, garau-garau da kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai ɗaya sun fi su nesa ba kusa ba.

'Yan mata, ku kula sosai, domin jinin al'ada yana tafiya da ayon duk wata, buƙatarku ta kai ninki biyu ta namiji. Zazzaɓin cizon sauro ma yana fasa ƙwayoyin, tsutsar ciki kuma tana shan jini.

Idan ka ga cikin idonka ko tafin hannunka ya yi fari, ka je asibitin makaranta a yi maka gwajin PCV. Kada ka sayi maganin ayon da ka, musamman mai sikila, domin yawansa ma illa ne. Allah Ya ba mu lafiya da sa'ar jarrabawa.