Aikin Garka a Lokacin Bazara

Karatu: Luka 13:6-9

Ɗan'uwa mai karatu, a cikin wannan misali Yesu ya yi zancen wani ɓaure da ya shekara 3 bai yi 'ya'ya ba. Mai garka ya ce a sare shi. Amma mai kula da garkar ya roƙa a ƙara masa shekara guda, domin ya tone gindinsa, ya zuba masa taki. Mutumin nan ya san aikinsa, kuma aikin da ya ambata shi ne ke gabanmu a bazara.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram, rijiyoyi kuma su ja baya. Itacen da ka dasa bara, yanzu ne zai rayu ko ya mutu.

Ka yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, gama ruwan tsakar rana rabon rana ne. Gara ka ba itace ruwa ya ƙoshi sau 2 a mako da ka riƙa yayyafa masa kullum. Yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama, inda ƙasa ta fi zafi. Ka yi masa kwari kewaye, ka rufe da busasshiyar ciyawa, amma kada ciyawar ta taɓa jikin itacen, saboda gara.

Taki kuwa, sai ruɓaɓɓe. Ni kaina na taɓa kashe lemo guda 2 a bayan majami'a da ɗanyen kashin kaji, ina tsammani gata nake yi masu. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Ka tara shi a rami, kana jiƙa shi, kana juyawa, har sai ya yi baƙi, warinsa ya tafi.

Mangwaron da ya faɗo ya ruɓe, kada ka bar shi a ƙasa. Tsutsar ƙudan da ke ɓata mangwaro tana fita daga cikinsa ta shiga ƙasa, ta koma ƙuda. Ka tattara, ka binne da zurfi.

Ka yanke busassun rassa da wuƙa mai kaifi. Zogale kuma, ka datse shi daidai ƙugu gab da saukar damina, zai yi tofo da yawa inda hannun yara zai kai. Sa'an nan ka duba shingenka tun yau, gama a wannan lokaci babu wani kore a gari sai garkarka, awaki kuwa sun riga sun gani.