Darajar Ruwa a Ƙasar Kabi: Tsakanin Madatsa, Fadama da Su

Gabatarwa

Bahaushe yakan ce ruwa abokin aiki, amma bai faɗi aikin wa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nazarci yadda ɓangarori uku suke auna darajar ruwan Gulbin Rima, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara.

Ma'aunin Hukuma

Bayan farin 1972 zuwa 1974, hukuma ta ɗauki ruwan da ke malala da damina a matsayin dukiyar da ke tafiya a banza. Saboda haka aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, sannan ta Goronyo a kan Rima a 1984, domin a tare ruwa a yi noman rani. Ma'aunin hukuma shi ne yawan eka da buhuna, kuma da shi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 1915 da ɗari, wato 2015.

Ma'aunin Manomi da Masunci

Shi kuwa manomin fadama, ambaliya mai zuwa a kan lokacinta ita ce takinsa, domin ita ke shimfiɗa laka ta shayar da shinkafa. Binciken W. M. Adams ya nuna cewa bayan gina Bakolori ambaliya ta ragu a fadamun da ke ƙasa da madatsar, har manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa.

Ga masunci, malalar ruwa cikin ciyawa ita ke ba kifi wurin hayayyafa. Hasali ma, Kabawa suna da nasu tsarin na tattalin ruwa. Sarkin Ruwa da Homa ke kula da Matan Fada, inda akan hana su har ranar biki. Bikin kamun kifin ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, alamar sulhu bayan doguwar gaba, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Wannan daraja ba ta shiga buhu.

Kammalawa

Sauyin yanayi ya ƙara tsananta wannan saɓani. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, abin da ya nuna cewa madatsa kaɗai ba ta wadatar. A ra'ayinmu, wajibi ne a riƙa sakin ruwan madatsun bisa kalandar noma da su, tare da shawartar sarakunan ruwa da na noma kafin a yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.