Anka, Bukkuyum, Gummi: Yadda Za Ka Tsara Yawon Kwana Uku a Bakin Gulbin Zamfara

Duk wanda ya buɗe taswira ya dubi yammacin Zamfara sai ransa ya biya. Anka da Bukkuyum da Gummi sun jeru daga gabas zuwa yamma a kan gulbi ɗaya, Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ta Jega ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato a jihar Kebbi. Tsakanin Anka da Gummi, a miƙe, bai cika kilomita 100 ba. Ga fadama, ga masarautu uku masu tarihi, ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai daɗin tuƙa keke. Shi ya sa matasa masu sha'awar keke da kallon tsuntsaye, musamman 'yan asalin yankin da suka tashi a Kaduna ko Abuja, sukan tambaya ko za a iya ɗaura kekuna a saman mota a yi kwana uku ana zagayawa. Ana iya tsarawa. Sai dai taswira ba ta da ta cewa a wannan tafiya. Mutanen gari ne ke da ita, kuma in suka ce a dakata, to an dakata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ba da adadin da bai kai haka ba. Kafin nan, a Satumbar 2021, an rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, a Janairun 2024 kuma aka ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara. Tare hanya da satar mutane don kuɗin fansa ba su ƙare ba. Saboda haka wanda ba shi da kowa a waɗannan garuruwa, ba dangi, ba abokin karatu, ba abokin kasuwanci, shawarata ya ajiye shirin nan tukuna. In tarihi yake so, ya nufi Sakkwato: ga Hubbaren Shehu, ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, kuma kada ya manta har zuwa 1996 duk wannan yanki a ƙarƙashin Sakkwato yake. Ya ƙara da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. In tsuntsaye ne, fadamun Haɗeja da Nguru sun fi ko'ina a Arewa. Sauran maganata da wanda ke da mai masauki a can nake yi, wanda ko ba yawon buɗe ido, ɗaurin aure ko Sallah ko ta'aziyya za su kai shi.

Kai ɗin, ka jingina yawonka da irin wannan hidima. Baƙon da ya zo biki an san dalilin zuwansa, an san gidan da ya sauka. Baƙon da aka gani kwatsam da kyamara da tabarau mai hangen nesa yana leƙe-leƙe a bayan gari, ba mai tunanin tsuntsu yake kallo. A ƙasar da kalmar “infoma” ke iya jawo wa mutum halaka, wannan ba abin wasa ba ne. Tun kafin ka fita ko'ina, mai masaukinka ya kai ka wurin mai unguwa, ya faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, ka bar shi a gida, kada ma ya shiga jaka.

Labarin hanya a tasha yake. Direbobin da ke ɗaukar fasinja daga Gusau su bi ta Mayanci zuwa Anka, su zarce Nasarawar Burkullu da Daki Takwas har Gummi, su ne suka san inda aka tare jiya, da wurin da ake jiran rakiyar jami'an tsaro, da lokacin da motoci ke tashi a jere. Ka tambaye su da daren da za ka tashi, ka sake tambaya da safe, domin labarin jiya ba ya aiki yau. Ka bi sahun motocin haya, hantsi ya ɗaga kafin ka kama hanya, ka kuma tabbata ka sauka kafin la'asar. Tafiyar asuba da ta magariba babu su a wannan shiri. Ni da za ka ji tawa, motar gida mai sheƙi da kekuna biyu a samanta ba ta dace ba sam. Ka shiga motar haya kamar kowa, ko ka tafi da tsohuwar motar da ba ta jan ido, tanki cike, tayar safiya lafiya lau. Kuɗin hannu kaɗan, katin shaida a aljihu saboda shingayen bincike, kuma wani a gida ya san inda kake a kowane zango.

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An gama kaka, ruwan gulbi ya ja baya, sanyin hunturu ya sa tuƙa keke ba ya wahalarwa, tsuntsayen da ke gudowa daga sanyin Turai ma sun iso. Illarsa hazo, wanda wani lokaci yakan rufe sararin sama kwana da kwanaki. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Damina kuwa tana da kyan gani, kuma a bakinta ne shamuwa ke dawowa, amma gulbin ba ya da sabo: a Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Gummi, a watan da ya biyo baya kuma kwalekwalen da ya ɗauko manoma ya kife a can, mutane da dama suka rasu. Ko da rani ne, kwalekwalen da ka ga an cika maƙil, ka jira na gaba.

Batun keke, nan ne mafarkin mutane da yawa zai ragu. Ba za ka tuƙa daga gari zuwa gari ba. Mota ce za ta yi wannan. Keke na cikin gari ne da bakin fadamar da ke manne da gari, inda kake ganin masu lambu suna ban ruwa, kana kuma jin kiran salla daga masallacin unguwa. Inda ka daina ganin mutane suna aiki, nan ne iyakarka, ko da kuwa hanyar ta yi kyau. Tunda haka ne, me zai sa ka yi dakon keken tsere mai siririyar taya? Yashin bakin gulbi zai riƙe shi, tsidau kuma zai huda tib ɗinsa tun ba ka yi nisa ba. Ka ari keke a gidan da ka sauka, irin Phoenix ko Raleigh ɗin nan na ƙarfe mai kariya a baya, wanda kowane mai faci a bakin kasuwa ya san ciwonsa. Ka kai shi a duba birki da sarƙa, a ɗaga maka sirdi daidai tsawonka yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Ka riƙe famfo da faci da sholisho da sifana ɗaya. A yashi, rage iskar taya kaɗan yana taimakawa. In ya yi zurfi, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Kada ka fita kai kaɗai. Yaron gidan da ya san gonar kowa ya fi maka kowace manhajar waya, kuma ka sallame shi da abin kirki.

Namun daji fa? A cire dogon buri. Manyan dazuzzukan Zamfara, irin su Kuyambana da ke ƙaramar hukumar Maru, yau ba wurin shiga ba ne, kuma ba wanda zai kai ka. Abin kallonka yana bakin ruwa, kuma ya isa ya cika maka safiya biyu. Ka fita da zarar gari ya waye sosai, masu lambu sun fara fitowa, ka sami gindin giginya ko tsamiya ka zauna shiru, rana a bayanka. Balbela za ka fara gani tana bin shanu. Sai zalɓe, wanda zai tsaya cak cikin ruwa iya ƙauri, wuya a lanƙwashe, har ka ɗauka kara ne aka kafa, sannan ya soki kifi da baki farat ɗaya. Kirinjijiya kan zo garke guda, kukanta kamar fito, za ka ji ta kafin ka gan ta. A gonakin da aka girbe akwai fakara da hasbiya da cilakowa, shirwa na shawagi a sama, a kan tudu kurege, a gefen ruwa wani lokaci guza na shan hantsi. Ka lura da gawo: shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, don haka a wannan lokaci tsuntsaye da awaki duk a wurinsa suke taruwa.

Ka ɗauki ɗan littafi kana rubuta abin da ka gani, da wuri, da lokaci. Sannan ka tambayi masunta da tsofaffin mafarauta abin da suka daina gani. Tambaye su rabonsu da gauraka, ko burtu. Tambayi mahauta ina ungulayen da ke cika mayanka a da. Tun 2015 masana suka sanya irin ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Irin wannan bayani na bakin dattijo, in ka rubuta shi da kyau, ya fi hoton da za ka ɗauka daraja. Wanka a kududdufi ko ruwan da ba ya gudu, a'a, saboda tsargiya. Takalmi rufaffe saboda kububuwa, gidan sauro kuma dole.

Akwai wani haɗarin da ido ba ya gani. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sanadin gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa don zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana daka shi ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka da dama, ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka yi nasa. Don haka wurin haƙar zinariya da injin niƙan dutse ba sa cikin wuraren ziyararka, kada ka tsinci dutse mai ƙyalli ka kai wa yara tsaraba, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Tarihi shi ne ribar tafiyar, kuma shi ne ɓangaren da ba ya buƙatar ka fita bayan gari. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, wanda ke shugabantar majalisar sarakunan jihar. Amma gidan sarautar ba a nan ya faro ba. Ana ambaton Dutsi, sannan Birnin Zamfara, wanda Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa. Daga nan sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni kafin su tabbata a Anka a ƙarni na 19. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, a 1805 kuma jama'arsa ta zauna a Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu. Ka karanta wannan tun a gida, don in ka zauna gaban dattijo tambayarka ta yi nauyi. “Ranka ya daɗe, a ba mu tarihin garin nan” ba ta kawo komai sai abin da kowa ya sani. Tambayi ta wace ƙofa aka shigo, ina ganuwa ta bi, wace unguwa ce ta fi tsufa, su wa ke zaɓen sarki.

A Bukkuyum sarautar Sarkin Danko ce, a Gummi Sarkin Mafara, alhali ga Danko can a ƙasar Zuru, ga Talatar Mafara can arewa. Yadda aka yi haka labari ne na ƙaura da yaƙi da zumunta, kuma makaɗan fada da maroƙa sun fi kowa riƙe shi. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka bar mai magana ya yi da Zamfarcinsa, kada ka gyara masa. In biyu suka saɓa, rubuta duka biyun. Gummi kuma ita ce mahaifar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962, mai fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa, wanda ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Mahaifinsa alƙali ne a garin. Shiga fada sai ta hannun wanda ya san ƙofa: a sanar tun da wuri, ka sa manyan kaya, ka cire takalmi, ka riƙe goro.

Rabon kwanakin mai sauƙi ne. Kwana ɗaya a Anka don fada da tsofaffin unguwanni, biyu a Gummi don gulbi da kasuwa, inda za ka sayi ƙwarya, tunda garin ya yi suna da noman duma. Bukkuyum ka bar ta a matsayin “in hanya ta yi kyau”. Ka ware kwana ɗaya na banza da kuɗinsa, domin ana iya wayar gari direbobi su ce yau ba mai fita. Ranar komawa kada ka sanar da kowa sai mai masaukinka. Hotuna kuwa ka riƙe su har ka isa gida kafin ka sa a Facebook, ka kuma cire duk wanda ya nuna ƙofar gidan da ka sauka ko fuskar yaran gidan.